Shekarar da Aka Ce Sai Mai Rajista

A Ain Khaled, wata unguwa a Doha, muke zaune a lokacin, a wani gida mai hawa biyu da aka raba shi kashi-kashi ake haya. Mu ne a sama. A ƙasanmu akwai wata nas 'yar Jos da mijinta, wadda duk gidan muke kira Sista. Maigidana injiniyan gine-gine ne a wani kamfanin kwangila, yakan fita tun rana ba ta yi zafi ba. Ni kuwa ina gida. In raka 'yan matanmu biyu bakin motar makaranta, in dawo in yi shara, in ɗora tukunya, in jira motar ta dawo da su. Wanda ya gan ni a lokacin ba zai kawo a ransa cewa karatu iri ɗaya muka yi da maigidan ba.

Amma iri ɗaya muka yi. Jami'a ɗaya ma, sashe ɗaya, sai dai ina shiga shi yana shirin fita. Bayan na gama na yi 'yan shekaru ina aiki a gidan ruwa na garinmu, cikin bututu da tankuna da injinan tura ruwa, kuma ina son aikin ƙwarai. Da muka yi aure, daga baya ya samu aiki a Doha, sai na ajiye na biyo shi. Babu wanda ya tilasta mini. Na ce in yaran sun ɗan tasa zan nemi aiki. Yaran suka tasa ban nema ba, har na daina faɗa ma.

Maganar rajista ta daɗe tana yawo a bakin mutane kafin ta shigo gidanmu. An ce duk injiniyan da ya zo daga wata ƙasa sai ya yi rajista da hukuma kafin a ɗauke shi a matsayin injiniya. Za a tantance takardun karatunsa tun daga ƙasarsu, a duba shekarun da ya yi yana aiki, sannan ya zauna gaban kwamfuta ya rubuta jarrabawa. In ya ci a ba shi kati da daraja daidai da daɗewarsa a aiki. In bai ci ba, ko gashinsa ya yi fari a bakin aiki, ba zai sa hannu a zane ba, ba kuma za a rubuta shi a matsayin injiniyan da ke kula da gini ba. Da farko kamfanoni suna ta jan ƙafa. Sai wata shekara abin ya zo da gaske, aka fara tambayar katin a kowace kwangila.

Ranar da kamfaninsu ya ce kowa ya je ya yi, muna cin tuwo ya gaya mini.

"Wai jarrabawa za su yi mini," ya ce yana dariya. "Ni da in mun fita nake nuna wa yaran nan benayen da na tsaya a kansu tun daga fandisho."

"Ai sai ka ɗan duba littafi," na ce.

"Littafin me? Abin da nake yi kullum shi za su tambaye ni."

Wani abokin aikinsa ya ba shi wani littafi mai kauri na irin tambayoyin da ake yi. Ya kawo ya ɗora a kan firij. Can littafin ya zauna, ina ɗaga shi in goge wurin in mayar. Na ga ya buɗe shi wata rana yana kallon ƙwallo, ido ɗaya a shafi ido ɗaya a talabijin, daga nan ban sake gani ba.

Ranar jarrabawar ya dawo tun kafin la'asar. Ya yi sallama, ya zauna a kujera bai cire takalmi ba. Na kawo masa ruwa, na zauna ban tambaya ba, don amsar tana fuskarsa.

"Ba a dace ba," ya ce.

"Allah ya sa haka shi ne mafi alheri."

"Amin." Ya daɗe yana juya kofin a hannunsa. "Na gini na amsa su. Amma sun cika ta da maganar ruwa. Gudun ruwa a bututu, magudana, ƙarfin injin turawa. Rabona da waɗannan tun muna makaranta."

Kamfanin bai sallame shi ba, sun san amfaninsa. Amma suka kawo wani matashi mai rajista suka ce shi zai riƙa sa hannu har maigidana ya sake zama. Mutumin da ake kawo wa takarda ya duba, yanzu shi ne mai ɗaukar takarda ya kai ofishin wani. Bai taɓa zagin tsarin a gabana ba, bai kuma yi fashin aiki ko sau ɗaya ba. Abu ɗaya kawai ya taɓa faɗa.

"Da ma yaron mara kunya ne da na samu abin jin haushi. To yana da ladabi. Ina shiga yake miƙewa tsaye."

Wata safiya bayan na raka yara, ina jiran wake ya yi laushi, na ɗauko littafin daga kan firij. Ba da wata niyya ba, so nake kawai in ga abin da ya kayar mini da miji. Na buɗe wajen tambayoyin ruwa. Ta farko na karanta ta kamar baƙon yare. Na sake karantawa a hankali, sai na ji abin yana dawowa, kamar yadda hanyar tsohuwar unguwa take dawo wa mutum in ya ga masallacin da ya sani. Na nemo fensirin yara da takarda na zauna. Amsata ta farko ba ta yi daidai ba, na manta canza mita zuwa milimita. Ta biyu ta yi. Ta uku ta yi. Da na tuna da wake har ya fara kamawa a gindin tukunya.

Washegari bayan sallar asuba, kafin ya koma ya ɗan kishingiɗa, na ajiye littafin a teburin cin abinci tare da shayi.

"Yallaɓai, zo mu duba na ruwan nan."

Ya dube ni, ya dubi littafin. "Ke?"

"Ni. Ka manta inda na yi aiki ne?"

Na ga yana shawara da zuciyarsa. Ba ƙaramin abu ba ne ga namiji mai shekarunsa, wanda ɗaruruwan ma'aikata suke jin maganarsa, ya zauna gaban matarsa da fensir. Sai ya jawo kujera ya zauna, ya ce, "To, bismilla."

Haka muka fara. Kullum bayan asuba har lokacin fitarsa, da kuma yammacin Juma'a in yara sun sauka wajen Sista. Na lura in na fara da lissafi hankalinsa ba ya zama, sai na koma fara masa da abin da yake gani. Wata rana na tambaye shi, "Me ya sa famfon Sista ya fi namu ƙarfi, alhali tanki ɗaya muke sha a saman gidan nan?"

"Don tana ƙasa mana."

"To nawa ya fi namu? Ga tsawon bene, ga faɗin bututun, ga lanƙwasar da ya yi kafin ya isa kicin ɗinta. Lissafa mini."

Ya yi dariya ya ce ashe duk ƙorafin da yake yi a kan ruwan wanka darasi ne yake jiransa. Ya lissafa, ya kuskure, ya sake. Da ya samu sai da ya tashi ya je ya buɗe famfon banɗaki yana kallonsa kamar ranar ya fara ganinsa.

Ba kullum ne ake dariya ba. Ni malama ce mai gajen haƙuri, ban san haka ba sai a lokacin. In na yi bayani sau biyu bai kama ba muryata takan fara tashi. Wata safiya ya ajiye fensir ya ce, "Hajiya, ko a wurin aiki ba a yi mini magana haka." Ya ɗauki hularsa ya fita bai sha shayin ba. Na wuni raina ba daɗi. Da ya dawo na ba shi haƙuri, ya ce ya wuce, amma gobe shi zai yi tambaya. Ai kuwa ya buɗe wajen kankare da rodi, inda ya san ƙafata ba ta da ƙarfi, ya yi ta jero mini su yana murmushi. Na kasa fiye da rabi. Ya ce, "Kin ji yadda ake ji?" Daga ranar muka raba. Rabin lokaci ni ce malama, rabi shi ne.

Sista ce ta fara kawo maganar da ban yarda na yi wa kaina ba. Na sauka karɓo yara wata Juma'a, ta ga tawada a yatsana.

"Har yanzu kuna kan karatun?"

"Muna kai."

"Mu nas-nas tun ranar da muka sauka ƙasar nan ake tambayarmu lasisi. Na rubuta nawa da tsohon ciki. To ke da kike koyar da mai jarrabawa, me ya hana ki rubuta taki?"

Na yi mata bayani cewa ba haka kawai ake zuwa ba, sai mutum yana da wurin aikin da zai tsaya masa. Wa zai ɗauki matar da ta fi shekara goma ba ta taɓa zane ba?

"Ke dai kin riga kin amsa wa mutane tun ba su buɗe baki ba," ta ce, ta miƙo mini jakar ƙaramar.

Akwai wani dattijo ɗan Sudan da maigidana ya yi aiki a ƙarƙashinsa farkon zuwansa Doha. Kakanninsa Hausawa ne da suka tashi zuwa Makka a ƙafa suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Yana jin Hausa, irin ta tsofaffi, cakuɗe da Larabci. Kawu muke ce masa. Daga baya ya buɗe ƙaramin ofishinsa a Al Gharrafa, suna zana tsarin ban-ruwa na gonaki da tankunan gidaje. Lokaci-lokaci yakan biyo maigida daga masallacin Juma'a ya ci tuwo da miyar kuka, ya ce tana tuna masa da kakarsa.

Wata Juma'a ya zo ban samu kwashe takardunmu daga tebur ba. Ina kicin na ji yana tambaya, "Wane ne yake karatu a gidan nan, kai ko yara?"

Na tsaya da ludayi a hannu. Na ɗauka maigida zai ce wani abokinsa ne yake taimaka masa, ko ya kawar da zancen. Sai na ji ya ce, "Ni ne, Kawu. Na faɗi jarrabawar nan a kan tambayoyin ruwa. Wannan rubutun na gefe na malamata ne. Ita take koya mini, kuma ta fi wanda ya koya mana a jami'a iya bayani."

A duk abin da ya faru a shekarar nan, in aka ce in zaɓi inda na fi alfahari, to wannan ne. Ba don ya yabe ni ba. Don ya faɗi faɗuwarsa a gaban tsohon ubangidansa da bakinsa, muryarsa ba ta ko girgiza ba.

Da na kawo abinci Kawu ya ce in zauna. Ya ɗauki ɗaya daga cikin takardun yana dubawa ta ƙasan tabarau.

"'Yata, ina kika yi aiki?"

Na gaya masa. Ya tambaye ni irin injinan da muke da su, da yadda muke yi in ruwa bai kai unguwannin da ke kan tudu ba. Na amsa abin da na tuna, abin da na manta na ce na manta. Ya gyaɗa kai ya ci gaba da cin tuwonsa. Sai da ya wanke hannu ya ce dokar nan ta taɓa shi shi ma. Injiniyoyinsa biyu sun tafi, ɗaya takardunsa ba su samu shiga ba, ɗaya ya ce ba zai zauna jarrabawa da tsufansa ba ya koma gida. Ga aiki a ƙasa, ga ƙarancin masu kati.

"In kina so ki zo ki fara a matsayin mai koyo, da safe kawai. Ofis zai tsaya miki ki yi rajista. In kin ci, tamam. In ba ki ci ba, kin dai sha iska."

Na dubi maigida. Ya ce, "Kada ki dube ni, ke aka tambaya."

Na ce zan yi shawara. Bayan Kawu ya tafi na fara kawo dalilai, yara, girki, shekaru, kwamfutar da ban iya ba. Maigida yana saurare har na ƙare.

"Kin san dai ni ne kafil ɗinki, a kan takarduna kike zaune," ya ce. "Ba za ki yi aiki a ƙasar nan ba sai na sa hannu na yarda."

"Na sani."

"To zan sa. Amma da sharaɗi. Kada a rage mini darasina."

Takarduna suna gida Najeriya, a wajen Baba. Baba tsohon malamin firamare ne, shi ya dage in karanta injiniya lokacin da 'yan uwa suke cewa aikin maza ne. Na ji nauyin kiransa, don tun da na bar aiki bai taɓa ce mini komai a kai ba, kuma shirun nasa ya fi mini magana nauyi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka Uwata yake kirana.

"Baba, takarduna na makaranta nake nema, in suna kusa."

"Suna nan, Uwata. Duk ƙarshen damina nakan fito da su in duba ko gara ta shiga. Lafiya dai?"

Na gaya masa. Ya ce, "To, madalla. Zan kira yayanki ya zo ya karɓa." Sai ya koma tambayar jikokinsa. Daga baya Inna ta gaya mini a ranar sai da ya zagaya gidajen abokansa yana ba su labari, tun ban ma rubuta jarrabawar ba.

Yayana ne ya yi zirga-zirgar. Ya kai takardun jami'a suka tabbatar, ya kai Abuja aka buga musu hatimai, ya nemo tsohon shugabana na gidan ruwa wanda ya riga ya yi ritaya, ya taimaka aka rubuto shaidar aikin da na yi. Abin ya ɗauki watanni. A cikin watannin na fara zuwa ofishin Kawu.

Makonnin farko sun ba ni wuya. Lissafin yana kaina, amma yadda ake zane ya canza gaba ɗaya. Abin da abokan aikina suke gamawa kafin shayinsu ya huce, ni sai in kai azahar ina neman inda ake latsawa. Wata rana na goge aikin safiya guda da kuskuren yatsa ɗaya. Na shiga banɗaki na wanke fuskata, na tsaya har idona ya washe, na dawo na fara daga farko. Kawu ya gani. Washegari sai na tarar an matso da teburina kusa da na wata 'yar Filifin da ta fi kowa iya kwamfuta a ofishin. A hankali hannuna ya saba.

Maigida ne ya fara komawa jarrabawa. Wannan karon ya fita da littafin a hannu, duk ya tsufa, bangonsa ya rabu. Ina ofis wayata ta yi ƙara. Na fita baranda na ɗauka.

"Malama," ya ce, "ɗalibinki ya fitar da ke kunya."

Na ce alhamdu lillahi, na sake cewa. Saboda shekarunsa a aiki, daraja ta sama aka ba shi. Ya koma teburinsa, aka ci gaba da kawo masa takardu kamar da. Ya ce wanda ya fara zuwa yi masa murna shi ne matashin nan da ya riƙe masa wuri.

Na ɗauka daga nan zai daina tashi karatun asuba. Bai daina ba. Yanzu shi ne malami gaba ɗaya, kuma ya rama duk abin da na yi masa. Ya yi ta maimaita mini kaurin kankaren da ake bari a kan rodi a ƙasa mai gishiri irin ta nan, da yadda ake gwada ƙarfinsa, da dokokin kwangila da na tsare lafiyar ma'aikata, har na fara jin su a kunnena ina wanke-wanke.

Ranar tawa shi ya kai ni. A ɗakin jarrabawar maza ne cike, daga ƙasashe iri-iri, wasu da furfura, mu mata 'yan kaɗan ne a gefe guda. Wani dattijo da ke kusa da layinmu yana ta motsa baki yana addu'a, na ji tausayinsa na kuma ji ƙarfin gwiwa, don na ga ba ni kaɗai ce nake fargaba ba. Na yi bismilla na fara. Na ruwa na wuce su ba tsayawa. Na gini na bi su a hankali. Akwai waɗanda ban sani ba sam, na zaɓi abin da hankali ya fi kwanciya da shi na bar wa Allah.

Da na fito yana tsaye jikin mota a rana, ko inuwa bai nema ba. Na yi niyyar in ɗaure fuska in ɗan wahalar da shi, amma tun daga nesa dariya ta ƙwace mini.

Daraja ta ƙasa aka ba ni, don shekarun aikina kaɗan ne, waɗanda na yi a gida kuwa ba a ƙirga su. Wata ƙawata ta ce da ita ce da ta ji haushi, ga ƙannen ƙannenta suna sama da ita. Ni ban ji ba. Kati ne da hotona da sunana, an rubuta injiniya a ƙasa, kuma ba wanda ya ba ni shi don alfarma. Na ɗauki hotonsa na tura wa Baba.

Aikin farko da Kawu ya damƙa mini ni kaɗai na wata gona ce a Umm Salal. Mai gonar ya ƙara rumfunan kayan lambu a can ƙarshen filinsa, ruwa kuma ya ƙi kaiwa. Na kusa da tanki suna jiƙewa har su yi yawa, na nesa suna bushewa. Na je na auna, na zauna na lissafa, na raba gonar shiyya-shiyya, na canza faɗin babban bututun, na sa bawul a inda ya dace. Kawu ya duba ya gyara mini wuri ɗaya, sannan ya turo mini zanen ya ce in sa hannu a gurbin wanda ya zana, shi zai sa a na wanda ya duba. Na sa. Hannun bai yi kyau ba, don na daɗe ban sa shi a kan wani abu da ya wuce takardar makarantar yara ba.

Ranar gwaji muka tafi da safe ni da Kawu. Mai gadin ƙofar gonar Bahaushe ne daga wajen Daura. Ya ji ina waya da Hausa, ya leƙo ta tagar mota ya gaishe ni.

"Ranki ya daɗe, ke ce injiniyar da aka ce za ta zo?"

"Ni ce."

"Ikon Allah. To sannu da zuwa. Yau kam zan ba da labari a ɗakinmu."

Aka kunna inji. Shiyya ta farko ta kawo, ta biyu ta kawo, ta ƙarshe shiru. Shugaban masu haɗa bututun ya ɗaga kafaɗa ya ce injin ne ya yi ƙarami, dama ya faɗa. Na juya neman Kawu, sai na hango shi ya koma mota ya zauna yana duba wayarsa, kamar ba tare muka zo ba. Na gane ya bar ni da abina.

Na san in lissafina ne ya kuskure ba ni da inda zan ɓuya. Na ɗauki zanen na bi layin a ƙafa, ina taɓa bututu inda ya fito fili. Har wani wuri ana jin motsin ruwa a ciki, daga nan babu. A daidai wurin akwai bawul mai barin ruwa ya wuce ta gefe ɗaya kawai, kuma an riga an rufe shi da ƙasa. Na ce a tone.

Shugaban ya ce ba sai an tone ba, shi ya sa shi da hannunsa, ya fi shekara ashirin yana wannan aiki. Ga rana ta fara zafi, ga ma'aikata sun tsaya suna kallonmu. Na ce masa ban raina aikinsa ba, amma sunana ne a kan zanen, ba zan ce an gama ba sai na gani da idona. In na yi kuskure zan ba shi haƙuri a gaban kowa. Sai ya juya ya ce wa mutanensa, "Yalla, ku tone."

Da aka tone, kibiyar da ke jikin bawul ɗin tana kallon tanki maimakon gona. Ya durƙusa ya duba, ya shafa kansa, ya yi 'yar dariya ya ce shaiɗan ne. Na riƙe masa sifana yana kwancewa. Aka juya shi, aka sake kunna inji. Muka taka tare har rumfar ƙarshe, muka tsaya a kan layin ƙarshe. Da farko iska ce take fita tana huci. Sai ɗigo ya fito, sai wani, yashin da ke gindin shukar ya fara yin duhu. Na bi layin har ƙarshensa ina dubawa, kowane rami yana ɗiga daidai da ɗan uwansa. Na ɗago na ga duk suna jirana. Sai a lokacin na gane ni ake jira in yi magana.

"Khalas," na ce, wato an gama.

A hanyar dawowa Kawu bai yi zancen bawul ba. Ya ce akwai wata gonar mako mai zuwa, ta fi wannan girma, in shirya. Mai gonar ya sa an zuba mana kwalin kokwamba a bayan mota.

Sai da muka shigo gari na duba agogo na ga motar makaranta ta daɗe da wucewa. Na kira Sista hankalina a tashe, ta ce in kwantar da hankalina, ranar hutunta ce, yaran suna wajenta. Na same su a falonta sun baje suna aikin gida, ta riga ta ba su abinci. Ta zubo mini gwate mai zafi a kwano, na ce bari in hau in wanke jiki tukuna.

"Zauna ki ci," ta ce. "Ruwan ya kai ko bai kai ba?"

"Ya kai."

"To fara daga farko, kada ki tsallake komai."